Kada Ka Gaji Gyambona

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba, ina gaishe ka, ina gaida matarka Rabi da 'yar takwarata. Allah Ya tsare ka a gida, Ya tsare ka a hanya, Ya raba ka da sharrin mota da na mutum, Ya sa Kadunar da ka nufa ta karɓe ka da alheri. Na fara da addu'a ne don in sauke ta da zuciya ɗaya, saboda abin da zai biyo baya ba mai daɗi ba ne. Raina a ɓace yake, kuma ban yi niyyar ɓoyewa ba.

Jiya bayan la'asar Rabi ta shigo gidan nan da wata takarda a naɗe cikin hijabinta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta daɗe tana murza bakin tabarma, sannan ta ce, "Malama, ni dai na yi iyakar yina. Likita ya ce ranar Talata za a yi mashi aikin jijiyar ƙafa a Katsina, shi kuma ya ce Asabar zai tahi Kaduna. Wai Baffa ya ce mashi ƙaho ya isa." Kada ka kuskura ka yi mata faɗa. In akwai mai hankali a gidanka a wannan makon, to ita ce.

Na karanta takardar. Ba sai an fassara mini ba, don akwai 'yar'uwarta a ƙasan akwatina. Na kuma san dalilinka. Mai gidan burodin can Kaduna ya ce kai zai damƙa wa tanderu da ma'aikata, kana tsoron in ka yi jinkirin sati biyu ko uku a ba wani. Na ji. To, ni ma ka ji ni. Ba labarin gari zan ba ka ba. Labarin ƙafata ta hagu zan ba ka, wadda ka tashi kana ganin ta a naɗe, ba ka taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Zan zayyana maka wautar da na tafka da ita, in ka ga dama ka maimaita kana sane.

Bayan na haifi ƙanwarka Hadiza na fara ganin wata jijiya a bayan gwiwata, ta taso ta murɗe kamar an cusa igiya a ƙarƙashin fata. Na nuna wa kakarka Goggo, Allah Ya jiƙanta. Ko duban kirki ba ta yi mata ba. Ta ce, "Jijiyar haihuwa ce, ɗiyata. Wace macen kirki ce ba ta da ita? Ki riƙa gasa ta da ruwan zahi." Amsar ta yi mini daɗi, shi ya sa na rungume ta. Ciwon da aka ce na matan kirki ne, wa zai kai shi asibiti?

Lokacin ina koyarwa a wata firamare ta wajen Dabawa. Tun daga taron safe har a tashi ina tsaye a gaban allo, don ina cikin malaman da suke ganin zama a aji lalaci ne. In na dawo gida kuma ga girki, ga wanki. Kafin la'asar ƙafar ta yi nauyi, ta cika, takalmin da na sa da safe ya ƙi shiga. Ka san dabarar da mahaifiyarka mai takardar koyarwa ta yi? Na sayi takalmi mai girma. Na sauke zanena ya rufe idon sawu. Da safe in ga kumburin ya sace, in ce to ai ga shi nan, gajiya ce. Shekara tara ina wannan wasa da hankalin kaina.

Kai ma na ji sunan da ka raɗa wa naka, wai gajiyar tanderu. Gajiya ba ta murɗa jijiya, Abba, ba ta kuma baƙanta fata. Ciwon da yake sauka da safe ya hau da yamma, kullum, a wuri ɗaya, ya wuce a yi masa sunan lallashi. Ka kira shi da sunan da likita ya kira shi, ko da sunan bai yi maka daɗi ba.

Wauta ta biyu ita ce wadda baffanka Alhaji Lawal yake tallata maka yanzu, kuma shi ne ya tallata mini ita tun farko. Fatar da ke sama da idon sawuna ta fara duhu, ta yi tauri, ga ƙaiƙayi kamar in yage ta. Ya zo gaida mahaifinka, ya ji ana zancen, ya ce akwai wani wanzami a Birchi, ƙahonsa ɗaya yake tsotse duk mugun jinin da ke ƙafa. Mahaifinka, Allah Ya gafarta masa, mutum ne da ba ya iya musu da ƙanensa. Ranar kasuwar Kurfi muka shiga mota mu uku, daga can muka hau mashin zuwa Birchi.

A zaure wanzamin ya zaunar da ni a kan turmi, ya sa matarsa ta riƙe mini bakin zane. Ya wasa aska, ya yi tsaga a kan jijiyar, ya ƙara wasu a ƙasa inda fatar ta yi duhu. Ya kafa ƙaho, ya zuƙa, ya toshe bakinsa. Da ya cire sai ya zazzage wani baƙin gudan jini a kasko, ya miƙo mini har gaban hanci.

"Kin gani, Malama? Matacce ne. Wanga da ya hau zuciya, da yanzu ana zaman makoki."

Baffanka yana gefe yana ta kabbara. Ni kuma na yi ta zuba godiya. Ni fa! Ni da nake zana zuciya a allo da jan alli da shuɗi, ina koya wa 'yan aji shida cewa jinin da yake komawa zuciya dama duhu gare shi. Ƙafar ko wane ne aka tsaga, irin wannan jinin zai fito, in ya sha iska ya daskare. Na sani sarai. Amma ranar na cire abin da na sani na ajiye a bakin zaure tare da takalmina. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Kwana uku ƙafar ta yi sakayau, ina ta ba mutane labari. Tsagar sama duk ta warke. Ta ƙasa guda ɗaya, wadda ba ta fi tsawon ƙwayar shinkafa ba, ta ƙi rufewa. Ta fara ruwa, ta fara baki, cikin wata biyu ta kai faɗin bakin kofin shayi. Gyambon da ka sani ke nan, daga nan ya fara.

Ba na zagin wanzamai, su suka yi maka askin suna. Amma fatar da jini ya daɗe yana kwanciya a ƙarƙashinta ba ta da ƙarfin haɗe kanta in an yanka. Kada ka bar kowa ya kusance ta da aska, ko da limamin unguwa ne ya rako shi. Baffanka kuwa, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ɗauki shawararsa a kan gero da dawa, nan ya ƙware. In ya matsa maka da zancen Birchi, ka tambaye shi cikin ladabi sau nawa ya iya zama kusa da ni bayan ciwon ya fara wari.

E, wari. Zan faɗa, tunda rufa-rufa ba ta tsinana mini komai ba. Babu abin da ban zuba a ciwon nan ba: garin kafso da nake ɓarewa, toka, man shanu, sassaƙe-sassaƙen da 'yan'uwa suke aiko mini daga Kurfi, har wani baƙin mai da wata ta rantse shi ya warkar da kakanta. Kowanne na sa sai ciwon ya ƙara faɗi. In naɗe shi da tsumma, in fesa turare, in tafi aji. A gidan biki na koma mai zaman bakin ƙofa. In na ga mata suna jan hanci suna waige-waige, sai ni ma in taya su waigen.

Da magani ya ƙi, sai na shiga neman mai laifi. Akwai Malama Asabe, abokiyar aikina. Mota ɗaya muke hawa kullum, kwano ɗaya muke ci a ofishin malamai. A shekarar aka ba ni mataimakiyar shugabar makaranta, ita ba a ba ta ba. Wani mai bugun ƙasa da aka kai ni wurinsa ya ce na taka abin da aka binne mini a ƙofar aji, kuma mace ce ta binne, doguwa, mai yi mini dariya. Asabe doguwa ce, dariya kuma ba ta yi mata wuya. Shi ke nan, na gama shari'a na yanke hukunci. Na daina cin abincinta, na koma amsa gaisuwarta da kai. Ta tare ni a bayan aji ta ce, "Hajara, mi na yi maki?" Na ce, "Ke kika sani." Shekara huɗu muka yi a haka.

Wata rana ina tsaye ina rubutu a allo, na ji ɗumi a tafin ƙafata. Na duba, sai ga jini yana tsartuwa daga wata jijiya kusa da ciwon, siriri, har yana kaiwa ƙafar benci. Yara suka fashe da ihu. Ni kuma na ci gaba da tsayuwa, na kwance igiyar jakata ina ƙoƙarin ɗaure saman gwiwa, jinin sai ƙaruwa yake. Asabe ce ta shigo da gudu daga ajin kusa.

"Kwanta! Kwanta ƙasa, Hajara!"

Ta kwantar da ni a siminti, ta ɗaga ƙafar ta ɗora a kafaɗarta, ta danne wurin da mayafinta. Wannan ƙafar mai wari, a kafaɗarta, dab da fuskarta. Ba a jima ba jinin ya tsaya. Tana danne da wurin ta ce, "In kin ga dama ki ƙara shekara huɗu ba ki yi man magana ba, amma gobe asibiti za mu."

Ka riƙe abu biyu daga nan. Na farko, in jijiya ta taɓa fashe maka, ka kwanta, ka ɗaga ƙafar sama da ƙirjinka, ka danna wurin da ƙyalle mai tsabta, sannan a nemi asibiti. Na biyu, a Kaduna za a ɗora ka a kan mutanen da ka tarar, wasu sun girme ka. Ranar da ƙafar ta tsananta, za a sami mai raɗa maka cewa hannun wane ne. Ka kore shi. Daga jikina ka samo wannan ciwo, ni kuma daga mahaifina, wanda ƙafafunsa duk haka suke, tsayuwa ta ƙarasa sauran. Asabe ta yafe mini, amma har ta bar duniya ban iya haɗa ido da ita yadda muka saba ba.

Asibitin nan gida suka wanke ciwon, suka tura ni wani babba a Katsina. Can ne na fara jin abin da yake damuna da Hausar da nake ganewa. Likitan ya tsayar da ni, ya shafa wani abu mai sanyi da yauƙi a ƙafar, ya riƙa bin jijiyar da kan na'ura, hoto yana fitowa a gabansa. Ya matse naman ƙwaurina ya saki. Da idona na ga jinin ya hau, sannan ya juyo ƙasa.

Ya ce, "Malama, kin san famfon tuƙa-tuƙa in robarsa ta cinye? Kina bugawa ruwa yana hawa, kina saki yana komawa. To, a cikin jijiyoyin da suke mayar da jini sama akwai 'yan marufai, jini ya wuce su rufe. Na wannan jijiyar ta kusa da fata sun saki. Jinin yana hawa yana zubowa, ya taru a idon sawu, shi yake cin fatar. Ko me kika sa a ciwon, muddin ana ta zubo masa jini daga sama, ba zai zauna a rufe ba."

Na ce, "To in kun cire jijiyar, jinin ta ina zai bi?"

Ya ce, "Manyan suna can ciki, tsakiyar nama, dama su suke ɗaukar yawancin kayan. Wannan yanzu ba taimakonsu take ba, aiki take ƙara musu. Za mu ɗaure ta can sama, inda cinya ta haɗu da ciki, mu zare ɓangaren da ya lalace."

Aka ba ni rana, mahaifinka ya sa hannu. Daga nan gidanmu ya cika da masu yi mini ta'aziyya ina raye. Wannan ta ce ta san wadda ta shiga da ƙafa biyu ta fito da ɗaya. Waccan ta ce allurar baya tana gurgunta mace. In ka tambayi sunan wadda abin ya sama, sai a ce ai can wajen su wance ne. Baffanka ya zo ya tsaya a tsakar gida ya ce, "A zare jijiya? Mutum rago ne?" Duk waɗannan mutanen babu wanda ya taɓa ganin cikin ɗakin tiyata, amma kowannensu ya fi likita sani, ni kuma na buɗe musu kunnuwana biyu.

Ranar ta zo, muka shiga mota daga Dutsin-Ma ni da mahaifinka. Muna isa Kurfi na ce a tsaya in leƙa Yaya Mairo in yi mata sallama. Na shiga ɗakinta na zauna a bayan gado, na ce babu inda za ni. Mahaifinka ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa, "Hajara, direba shina jira." Na ce direba ya tafi. Da ya ga na kafe sai ya ce, "Allah Shi kyauta," ya je ya sauke mana kaya. Na ce masa in damina ta wuce zan koma. Damina biyar suka wuce.

A cikin shekarun nan biyar ciwon ya kusa zagaye idon sawu. Gaɓar ta ƙage, ta daina lanƙwasuwa. Na ajiye aikin da nake so tun lokacin ajiyewa bai yi ba, don ba na iya tsayuwar darasi ɗaya. Zaman tahiya ya gagare ni. Kujerar robar da kake gani kusa da dardumata, ba tsufa ne ya kawo ta ba, saukar da na yi a Kurfi ce.

Abin da kake shirin yi ranar Asabar shi ne abin da na yi, sai dai kai ka zaɓi gari mai nisa. Kada ka ce mini in ka zauna can za ka nemi asibiti. Na san wannan maganar ciki da waje. Wanda aka damƙa wa tanderu ba ya samun ranar asibiti, sai ranar da aka ɗauke shi ranga-ranga.

Da na koma, da ƙafata na koma, babu wanda ya lallashe ni, azaba ce ta kore ni. Ga abin da aka yi mini, don ka daina jin sa daga bakin waɗanda ba su gani ba. An yi mini allura a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa na daina jin komai. Idona biyu, ina jin su suna magana a tsakaninsu. Yanka ɗan kaɗan a sama, 'yan ƙanana a ƙasa. Washegari suka tashe ni suka ce in yi tafiya, na zaci wasa suke yi. Ba zan yi maka ƙarya ba, cinyar ta yi tsami kwanaki, jini ya kwanta ta yi baƙi-baƙi, kuma akwai wani ɗan wuri a gefen ƙwauri da har yau ba na jin taɓi sosai. Aikin kaɗai bai rufe gyambon ba, sai da aka yi watanni ana naɗa mini bandeji mai matsewa. Amma ya rufe. Ranar da na kwance na ga fata ta haɗe, na zauna na yi kuka, rabi na murna, rabi na haushin kaina. Abin da na yi shekara biyar ina gudu bai kai tsawon darasi uku ba.

Abin da bai dawo ba shi ne gaɓar da ta ƙage da fatar da ta mutu ta zama tabo. Likitan ya kuma ce marufan manyan jijiyoyin ciki su ma sun fara saki, gyaran waɗannan kuwa babban aiki ne, ba kowa ake yi wa ba. Saboda haka ya ba ni doguwar safa mai matsewa, ya ce ita ce abokiyata har abada.

Ka zaci na yi hankali? Bazara ta shigo, zafi ya tsananta, wata a gidan suna ta ga safar ta ce, "Malama ta koma 'yar ƙwallo." Aka yi dariya. Saboda dariyar matar da ko sunanta ba na tunawa, na naɗe safar na jefa a akwati. Kafin kaka gefen tabon ya sake ɓarkewa. Na koma asibiti kaina a ƙasa, ma'aikaciyar jinyar da ba ta kai Hadiza shekaru ba ta yi mini faɗa tas, kuma tana da gaskiya.

Saboda haka in an yi maka aikin aka ba ka safa, ka sa ta da safe tun kafin ƙafar ta cika. A bakin tanderu kada ka ƙame wuri ɗaya, ka riƙa ɗaga duddugenka kana saukewa, ka riƙa takawa. In an sami sarari ka zauna ka ɗora ƙafafun a kan buhun fulawa. Mai dariya ya yi ta yi, ba shi zai kwana da ciwon ba.

Takardarka ta ce jijiyoyinka na ciki lafiyarsu ƙalau, ta waje ce kaɗai take zubar da jini, kuma fatarka ba ta ɓarke ba tukuna. Ka san abin da zan iya bayarwa a lokacina don a rubuta mini haka? Rabi ta ce likita ya faɗa muku wataƙila ma ba sai an zare ba, akwai hanyar da ake zura wata siririyar waya a toshe jijiyar daga ciki. Ko wacce ya zaɓa, shi ya ga hoton, ba baffanka ba. Ka ɗauki waya ka kira mai gidan burodin, ka faɗa masa gaskiya. In ba zai iya jiran mutumin da ya yi shekara goma a bakin tanderu na sati uku ba, to ba zai jira ka ba ranar da ka fara ɗingishi. Kuma ka gaya mini, wane mai gidan burodi ne zai bar mai gyambo yana ruwa ya tsaya a kan kwaɓin da mutane za su ci? Aikin da kake gudun rasawa, ta wannan hanyar za ka rasa shi, ka haɗa da ƙafar.

Saura wauta ta ƙarshe, ita ce ta fi ci mini rai, don wannan ba kaina na yi wa ba, kai na yi wa. Kai ɗan fari ne. Tun da aka yaye ka ka koma ɗakin Goggo. Ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa ɗaukar ka a gaban mutane ba. In ka faɗi sai in kau da kai, wata ta ɗaga ka. Ka tashi kana ce mini Malama kamar sauran 'yan aji. Aka yi ta yabona, wai Hajara akwai kunya, akwai kara, ni kuma ina jin daɗin yabon.

Shekara uku da suka wuce, ranar sunan 'yarka, ka naɗe wando kana alwala a tsakar gida. Na ga jijiyar a bayan gwiwarka, na gane ta nan take. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga gida cike da mata, na tuna za a ce dubi Malama tana rawar jiki a kan ɗan fari. Na haɗiye maganar na shige ɗaki. Tun daga ranar nake kallon ka kana shigowa gaishe ni da yamma kana jan ƙafa, abin da nake iya ce maka kawai shi ne sannu da aiki. Ni da na san ƙarshen hanyar nan fiye da kowa a Dutsin-Ma! Sai da matarka ta yi abin da ya kamata uwa ta yi. Wannan al'adar ta ci mini abubuwa da yawa na haƙura, amma ba za ta ci ƙafar ɗana ina kallo ba. Kai ma kada ka yarda wata kunya ta rufe maka baki a kan 'yarka. In ka ga abin da zai cuce ta, ka faɗa, ko gari duk yana zaune.

Ba zan yi maka baki ba, Abba. Bakina bai iya komai a kanka ba sai albarka. Ba zan kuma aika a riƙe ka a tasha ba, kai ba yaro ba ne. Ga abin da zan yi. Takardarka tana hannuna, ban mayar wa Rabi ba. Ranar Talata zan shiga motar farko ta Katsina, in je ƙofar da aka ce ka je, in tsaya. Ba zan sa safa ba. Ba zan zauna a benci ba, ko an share mini shi. Zan tsaya har ka zo, ko har a tashi aiki. In ba ka zo ba, Talata ta sama in koma, haka ta samanta. Yanzu ka san abin da tsayuwar yini guda take yi wa wannan ƙafar, tabon kuwa ba shi da kauri. In kana ganin ƙafarka taka ce, ka yi yadda ka ga dama da ita, to ni ma tawa tawa ce.

Allah Ya tsare mini kai, Ya tsare iyalinka. Ya ba likitoci sa'a, Ya sa hannunsu ya zama sanadin sauƙi. Ya kai ka Kaduna lafiya a ranar da ta dace, a kan ƙafafu biyu masu lafiya, Ya dawo mini da kai lafiya. Ya yi maka albarka duniya da lahira. Ka gaida Rabi, ka ce na gode mata.

Ina tsaye ina jiran ka.

Mahaifiyarka,
Hajara